Lambun samarin gari: ta yaya jarina zai dawo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan tireda ne a wani ƙauye a Jigawa. Da an gama girbi samarinmu sai su watse ci-rani, kayan miya ma sai ranar kasuwa muke gani. Dagaci ya ba mu fili a bakin fadama, ina so in sa wani abu daga jarina a yi lambun gari. Kuɗina za su dawo?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya saka maka da alheri da wannan tunani. Kuɗinka za su iya dawowa, amma kada ka yi lambun a matsayin gayya. Gayya ta yini ɗaya ce, lambu kuwa ban ruwa yake so kullum har wata uku ko huɗu, kuma saurayin da bai san rabonsa ba, ranar da abokinsa ya kira shi Legas zai tafi. A yanka filin komi-komi, kowane yaro da nasa, abin da ya noma nasa ne. Ruwa, shinge da gadi kaɗai za a haɗa.

Kai kuma jarinka ya tsaya a kan ruwa: tubwel (wato ƙaramar rijiyar burtsatse), injin ban ruwa da tiyo. Waɗannan kadara ce da sunanka, ko an watse suna nan. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, fetur ne ke cinye ribar manoman rani da yawa, don haka in da hali ka duba famfo mai aiki da hasken rana. Ya fi tsada a saye, amma ba ya neman mai kowace safiya. Iri da taki ka ba su, a cire kuɗin in an sayar, ba tare da ƙarin ko sisi ba. Ladan ruwanka kuwa a yanka shi tun farko, a rubuta a gaban dagaci da liman. A takardar nan a sa shekarun da aka ba ku filin, don fili yakan sami masu shi da zarar ya yi kore.

Ina roƙonka kada ku zuba tumatir a ko'ina. Na san shi ne ke ruɗar mutane, amma lokacin da naku zai nuna, na Kadawa, yankin noman rani na Kano, ma ya nuna, farashin kwando ya faɗi warwas a kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan. Ga kuma tsutsar nan da ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna a 2016. Ku fara da alayyahu, wanda ake yanka cikin kamar sati huɗu, da salak da yakuwa, don yara su ga kuɗi a hannu da wuri. Albasa ta biyo baya tunda tana ajiyuwa, zogale kuma ya zagaye shinge. Tumatir kaɗan, rarar a shanya ta zama kauɗa a sayar da damina.

Kasuwar farko garinku ne da ƙauyukan kewaye: matan gida, masu sayar da abinci, masu kwaɗo. Kai ma ka ware tebur a gaban shagonka. Bana ku tsaya a tubwel ɗaya da samarin da iyayensu suka tsaya musu, kuma ku nemi malamin gona na ƙaramar hukuma ya duba wurin kafin a haƙa.