Mujallar da Muka Biya Bara, Ina Ta Shiga?

Jiya bayan la'asar ka tare ni ina shirin fita daga ɗakin karatun asibitinmu, ban samu na ba ka amsa yadda ya kamata ba. Ka ce wata likitar yara ta zo neman maƙala a kan sikila, ka buɗe mata mujallar da ka san bara muna karantawa, sai kwamfuta ta ce a biya dala kafin a gani. Har ka nuna mini kanta ka ce, "Malam, ga mujallun 1978 can suna shan ƙura, babu wanda ya taɓa su. Yaya wadda aka biya bara ta yi ɓatan dabo?"

To ɗana, waɗancan na kanta sayen su aka yi. Ko kamfanin da ya buga su ya rushe, namu ne, sai dai gara ko yoyon rufi su raba mu da su. Ta kwamfuta kuwa haya muke yi. Abin da muka biya bara izinin shiga ne na wata goma sha biyu, daga Janairu zuwa Disamba, kuma ranar da wa'adi ya cika mai gida ya ja ƙofarsa. Kayan aro ba ya rufe katara.

Sai dai hayar ma iri-iri ce, kuma a nan aikinka yake. Kowace yarjejeniya da muka sa wa hannu da kamfanin ɗab'i tana da wani sashe da yawancin mutane ba sa karantawa: idan mun daina biya, shin shekarun da muka riga muka biya za su ci gaba da buɗe mana, ko da su za a tafi? Wasu kamfanonin suna barin maka abin da ka biya har abada. Wasu kuwa, musamman dillalan da ke tattara mujallu dubbai a rumbu ɗaya su sayar a dunƙule, ba sa barin ko shafi. Irin wannan rumbun yana da wani hali kuma: mujalla tana cikin jerin sunaye, amma sababbin fitowarta na wata shida ko shekara guda a kulle suke, sai sun tsufa a sake su. Likita kuwa sabon yake nema. Akwai kuma mujallar da ke sauya uban gida, bara tana hannun wannan kamfani, bana ta koma wancan da ba mu da alaƙa da shi. Ka ga dalili uku ke nan, kuma ba za ka san wanne ya same ka ba sai ka buɗe fayil ɗin yarjejeniyar ka karanta da fensir a hannu. Na san Turancin lauyoyi ne, yana sa barci. Ni ma sai da na sha kunya a gaban wani farfesan tiyata kafin na koyi karanta shi.

Na huɗun ya fi kowanne sauƙi, shi ya sa ake mantawa da shi. Kamfanoni da yawa suna gane mu ne ta lambar adireshin intanet ɗinmu, wato IP. Ranar da asibiti ya sauya kamfanin da ke ba shi sabis, lambar ta sauya, mu kuma mun zama baƙi a gidan da muka biya haya. Masu kula da intanet ba za su zo su gaya maka ba, domin su a wurinsu aiki ya yi kyau. Ka yi abota da su. Ka riƙa leƙa ofishinsu ko babu abin da ya lalace.

Saboda haka nake riƙe da rajistar nan da kake yi wa dariya. Kowane rumbu yana da layinsa: sunansa, wanda ya biya (mu ne, jami'a ce, ko TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu), ranar farawa da ranar ƙarewa, ta yaya ake shiga, da wanda za a rubuta wa idan ya ƙi buɗewa. Ka mayar da ita kwamfuta idan ka ga dama, ban hana ba, amma ka bar mini ta takarda saboda ranar da babu wuta. Kuma kowace Litinin da safe ka gwada kowane rumbu da hannunka, ka sauke maƙala ɗaya. Gara ka riga likita ganin matsala da ya zo ya same ka da ita alhali mara lafiya na jiransa.

Maganar sabuntawa kuwa, tun watan Agusta ake fara ta. Kuɗin nan da dala ake biya, takarda kuma sai ta bi tebur-tebur kafin ta isa wurin ma'aji. Ka tuna abin da ya faru da aka saki naira a Yunin 2023: dalar da ke wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,400 kafin a yi nisa cikin 2024. Kasafin da ya isa rumbu uku sai ya kasa ɗaukar ɗaya. A irin wannan ranar shugaban asibiti ba zai saurari "likitoci suna so" ba. Adadi yake so. Kamfanoni suna ba da ƙididdigar amfani a tsarin da ake kira COUNTER, wanda ke nuna maƙala nawa aka buɗe a kowace mujalla kowane wata. Ka raba kuɗin shekara da yawan maƙalun da aka sauke, ka ga nawa kowace ta tsaya mana. Amma kada lissafi ya rufe maka ido. Mujallar yoyon fitsari ko ta ciwon noma ba za ta taɓa yin kasuwa kamar ta ciwon zuciya ba, mutum uku ne masu karanta ta, amma ukun nan su ne ke yi wa matanmu da yaranmu aiki. Wannan hukunci naka ne, ƙididdiga ba za ta yanke maka shi ba.

Bari in ja maka kunne kan kalmar sirri, tunda na ga ɗalibai sun fara zagaye ka. Hinari, shirin samar wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi mujallun lafiya ta intanet, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe a Janairun 2002 tare da manyan kamfanonin ɗab'i shida da mujallu wajen 1,500, yanzu yana ƙarƙashin Research4Life, gamayyar shirye-shirye irinsa. Wasu ƙasashe kyauta suke samu, wasu cibiyoyinsu na biyan ɗan kuɗi a shekara. Sharaɗinsa a fili yake: na ma'aikata da ɗaliban cibiyar da ta yi rajista ne, ba a liƙa kalmar a bango, ba a kwashe mujalla sukutum. A wani wuri da na taɓa aiki, wani ya tura kalmar a zauren WhatsApp don taimakon abokai. Ba a yi mako biyu ba aka rufe mu gaba ɗaya, ana dab da jarrabawar likitoci masu neman ƙwarewa. Wasiƙun ban haƙuri nawa na rubuta, Allah kaɗai ya sani. Wanda ya tura bai yi da mugunta ba, shi ya sa ka fi jin tsoron mai kirki a wannan harka.

Kada kuma ka raina abin da yake kyauta. PubMed, rumbun neman maƙalun likitanci na Babban Ɗakin Karatun Likitanci na Amurka, a buɗe yake ga kowa tun 1997, jikan Index Medicus ne da aka fara bugawa a 1879, waɗancan manyan kundayen da ke ƙasan kanta. PubMed Central, tun 2000, yana ba da cikakkun maƙalu ba ko sisi. Ga AJOL mai tattara mujallun Afirka, inda za ka samu binciken da aka yi a kan marasa lafiya irin namu, ga kuma Annals of African Medicine da ta fito daga Sakkwato. Rabin abin da ake zuwa nema a teburinka yana cikin waɗannan, mutane ne ba su iya nema ba.

Likitar jiya kuwa, kada ka bar ta haka. Ka nemi maƙalar a PubMed ka duba ko akwai alamar kyauta a gefe. Idan babu, ka gwada ta Hinari. Idan nan ma ta ƙi, adireshin imel na marubucin yakan fito a jikin bayanin maƙalar, ka rubuta masa layi uku cikin ladabi, yawancinsu suna turowa da murna. Ka kira ta kafin azahar ka gaya mata inda ka tsaya, ko da ba ka samu ba tukuna. Sannan ka ɗauko koren fayil ɗin da ke durowa ta biyu ka same ni da shi, mu duba ko shekarun da muka biya suna cikin haƙƙinmu. Idan suna ciki, kai za ka rubuta wa kamfanin, ni in sa hannu.