Amsa ga ƙanenmu na Samaru kan yadda ake buɗe wasa

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da dare. Na ji muryar da ƙanenmu na Samaru ya turo bayan la'asar, lokacin ina shago da kwamfutar mutane a buɗe a gabana, shi ya sa sai yanzu. Ya ce ya fara buga wasan yaƙin kwamfuta Age of Empires II da mutane ta intanet, amma kullum kafin minti 15 an shigo masa gari da dawakai an karkashe masa ma'aikata, ga laftof ɗin tana sandarewa. Yana tambaya wace ƙabila ce cikin waɗanda ake zaɓa a wasan ta fi ƙarfi ya koma mata. To ƙanena, ka ba ni kunnenka, muryar za ta ɗan yi tsawo.

Ka bar batun ƙabila tukuna. Ka taɓa tsayawa kallon dattawa suna dara a cikin Birni? Gurbi 30 ne, kowa da 'ya'yansa 12, kuma ba a motsa ɗa ko guda sai kowa ya gama ajiye nasa. Gwani tun a wurin ajiyar nan yake gama da kai, sauran duk cika aiki ne. Haka wannan wasan yake. Dawakan da suka shigo maka a minti 12, tun a minti 3 aka ci ka, lokacin da ka bar babban gidanka, Town Center ɗin nan, yana zaune ba ya fitar da kowa.

Bari in lissafa maka. Yawancin ƙabilu suna farawa da ma'aikata 3 da mahayi ɗaya, abinci 200, itace 200, zinariya 100, dutse 200. Ma'aikaci ɗaya abinci 50 ne, yana fitowa cikin daƙiƙa 25. Ka ga ke nan idan gidan ya yi zaman banza na minti huɗu, ka yi asarar mutum kusan goma. Abokin karawarka yana da hannu talatin a gona da daji, kai kana da ashirin, ta ina za ku haɗu? Saboda haka ana buɗe wasa, kafin ka kalli komai, ka danna H ya kai ka babban gida, ka riƙe Shift ka danna Q, abincin nan 200 ya tafi a mutum huɗu. Sannan cikin ukun nan na farko, biyu su gina ɗaki ɗaya, na ukun ya gina wani. Ɗaki itace 25 ne, yana ɗaukar mutum 5. In ka makara da ɗaki, layin ma'aikata tsayawa yake cak, kuma wannan shi ne kuskuren da na fi gani wurin sababbin shiga.

Mutum shida na farko duk kan tumaki, a gindin babban gida, don kada su riƙa tafiya da nama. Tunkiya ɗaya-ɗaya za ka yanka, don naman da aka bari a ƙasa raguwa yake yi. Uku ko huɗu na gaba su tafi daji, ka gina musu wurin tara itace daf da bishiyoyi, itace 100. Daga nan sai aladen daji, wanda yake da abinci 340. Mutum ɗaya zai je ya harbe shi, da ya ga ya biyo shi sai ya juyo a guje zuwa gida, masu tumaki su taru su kashe. Nan ne hannu yake rawa, na sani. In kana tsoro, ka fara sayen Loom, zinariya 50, yana ƙara wa ma'aikata ƙarfin jiki. Bayan haka 'ya'yan itace, sai gonaki in tumaki sun kusa ƙarewa. Idan jama'arka sun kai 21 ko 22, kana da abinci 500 da gine-gine biyu ban da ɗakuna da gonaki, ka danna shiga zamani na biyu, wato matakin ci gaba na gaba a wasan. Wanda ya yi daidai yana isa wajen minti 10 na agogon wasan.

Shi kuma mahayin nan naka ba ado ba ne. Ya fara zagaye gida ya samo sauran tumaki, sannan ya wuce garin abokin gaba. Abin da ya gano shi zai gaya maka me za ka gina. Ka ga bargar dawaki? To 'yan mashi za ka fitar, abinci 35 da itace 25 kowane, uku ko huɗu a bakin masu saran itace sun isa su kori mahaya. Ka jera ɗakunanka su zama katanga, ka toshe sauran kafofin da shingen itace. Kuma don Allah in an kawo hari kada ka kaɗa ƙararrawa kowa ya bar aiki, waɗanda ke cikin haɗari kawai za ka ɓoye.

Abin da nake so ka yi shi ne, ka bar karawa da mutane na kwana uku. Ka yi wannan buɗin sau goma da kwamfuta, ƙabila ɗaya, taswira ɗaya. A sabon fitowar wasan na 2019 akwai sashen Art of War, darasi ne da ke auna maka lokaci, ka yi na tattalin farko har ka samu lambar zinariya. Ka saba da maɓallin ɗigo, shi ke nuna maka ma'aikacin da ke tsaye ba aiki. 'Yan wasan ces (chess) na shafin Lichess da ke cikin guruf ɗin nan ma sun san zancen: ka kama tsakiya, ka fito da dawakai, ka ɓoye sarki, kada ka fito da sarauniya da wuri.

Sai batun sandarewa. Wallahi mafi yawan laftof da ake kawo min da wannan kukan, ƙura ce da zafi. Hunturun Zariya ba ya barin fanka, kuma ɗalibai sun saba ɗora ta kan katifa, alhali ta ƙasa take shan iska. Ka ɗora ta kan tebur, ka ɗaga bayanta da ɗan katako, ka kai a buɗe a hure ta ko sau ɗaya a shekara. Ka yi wasa da caja a jiki, don a kan batir Windows rage mata gudu yake. Kafin ka shiga, danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka ga me ke cinye mata ƙwaƙwalwa, galibi Chrome ne da shafuka goma sha a buɗe. A nan ɗin dai akwai wurin da aka rubuta Startup, ka kashe tarkacen da ke tashi tare da ita. Wasan yana tashi da RAM 4GB amma da ƙyar, 8GB ne kwanciyar hankali.

In da wayarka kake ba ta intanet, ka haɗa da kebul maimakon hosfot, jinkirin ya fi raguwa. Ka shiga saitin sadarwa ka kunna Metered connection, in ba haka ba kana tsakiyar yaƙi Windows zai fara sauke sabuntawa ya kwashe maka data. Kuma ka cika batir kafin ka nemi abokin karawa, don in aka ɗauke wuta ta mutu, faɗuwa za a rubuta maka. Kwafin sata na wasan kuwa da ake turawa a filasha, ka guje shi, na sha goge kwamfutar ɗalibi da furojet ɗinsa a ciki saboda cutar da ya kwaso ta nan.

Ka buga ɗaya gobe, ka danna Windows da Shift da S ka ɗauko hoton allonka a daidai minti 10, ka turo nan in ƙirga ma'aikatanka. Ranar Asabar in ka shigo unguwar PZ ka biyo da laftof ɗin in duba fankar. Sai da safe.