Tambaya da Amsa: Ta yaya Kirista ke cewa ya san Allah alhali bai taɓa ganinsa ba?

Tambaya: Baba Fasto barka da aiki. Ni ɗalibi ne, akwai wani abokin karatuna da kullum sai ya tsare ni wai in kawo masa hujja cewa akwai Allah, in na ce bangaskiya sai ya kwashe da dariya yace na gudu ne. Mu Kirista ya muke cewa mun san Allah alhali ba mu taɓa ganinsa ba?

Amsa: Sannu ɗana, Allah ya ba da sa'ar karatu. Tambaya biyu ce ka haɗa a wuri ɗaya, akwai sanin cewa Allah yana nan, akwai kuma sanin shi Allahn kansa, kuma Kirista ba su ɗauke su abu ɗaya ba sam. Yakubu 2:19 cewa yayi aljanu ma sun yarda Allah ɗaya ne har suna rawar jiki, toh ka ga yarda da samuwarsa kaɗai bai kai mutum ko'ina ba.

Ta farkon dai, Littafi Mai Tsarki bai tsaya kafa hujja ba, Farawa 1:1 kai tsaye ya shiga maganar halitta. Amma Zabura 19 tace sammai suna shelar ɗaukakar Allah, manzo Bulus kuma a Romawa 1:20 yace ikonsa madawwami da allahntakarsa ana gane su ta abubuwan da ya halitta, har mutum ba shi da uzuri. Daga nan malaman tauhidi suka ɗora. Wanda ya fi shahara shi ne Toma Akwinas da ya rasu a 1274, ya kawo hanyoyi biyar na nuna cewa akwai Allah, kuma wadda ni na fi ganin ƙarfinta ita ce ta sanadi: duk abin da kake gani wani abu ne ya kawo shi, shi ma wancan wani ne ya kawo shi, in ka bi layin nan ka ce babu na farko ai kamar taragun jirgin ƙasa ne kowanne na jan na bayansa amma babu injin a gaba, me ke tafiyar da su kenan? Dole akwai wanda shi ba a kawo shi ba, shi ne muke kira Allah.

Sai dai fa Kirista kansu ba bakinsu ɗaya ba kan inda hankali zai iya kaiwa, kar wani ya ɓoye maka wannan. Ikilisiyar Katolika a taron Vatican na farko a 1870 ta tsayar cewa hankalin ɗan Adam zai iya sanin Allah tabbas ta hanyar halitta. Shi kuwa Karl Barth, malamin Furotesta ɗan ƙasar Suwizalan, da abokin aikinsa Emil Brunner ya ɗan buɗe wannan ƙofar a 1934, amsar da ya rubuta masa sunanta kawai "A'a!", don a ganinsa zunubi ya riga ya gurɓata hankali, in ba Allah ne ya bayyana kansa ba abin da mutum zai ƙago gunki ne kawai ya sa masa suna Allah. Ni dai ina ganin Barth ya ɗan matsa da yawa, amma yana da gaskiya a wuri ɗaya, hujjar Akwinas ko ta ci iyakarta ta nuna maka akwai Mahalicci, ba za ta gaya maka yana ƙaunarka ko yana gafarta zunubi ba.

Nan ne tambaya ta biyu ta shigo. Abin da ka faɗa cewa ba mu gan shi ba, Yohanna 1:18 ya riga ka faɗa, ba wanda ya taɓa ganin Allah, Ɗan ne ya bayyana shi. Wato ga Kirista sanin Allah ba mu muka haura muka gano shi ba, shi ya sauko cikin Yesu Almasihu, shi yasa da almajirinsa Filibus yace a nuna musu Uban, Yesu yace wanda ya gan ni ya ga Uban. Irin sanin nan na zama tare ne, ta Maganarsa da addu'a da biyayya da aikin Ruhu Mai Tsarki a zuciya, kuma bai cika ba tukuna, Bulus da kansa yace yanzu duhu-duhu muke gani kamar a madubi.

Game da abokinka, kar ka ce masa "bangaskiya" ka ja baki, shi yasa yake dariya. Tambaye shi wace irin hujja yake so. In ta ɗakin gwaje-gwaje ce, gaya masa kimiyya abin da ke cikin halitta take aunawa, Allahn da muke magana kuwa ba ɗaya daga cikin halittu bane balle a sa shi a ma'auni. Sannan ka shirya, yawanci daga nan maganar wahala da mugunta a duniya suke komawa, wannan kam ta fi nauyi, ka karanta littafin Ayuba kafin ku sake zama.