Igiyar ruwan nan mai tsawon bene gaskiya ce?

Malam, ka ce ƙanenka ya samu aikin jirgin ruwa a Kwatano, kai kuma ka ga bidiyon wata igiya kamar bene tana hawa kan jirgi lokacin guguwa, kana tambaya ko haɗi ne. To wasu bidiyon haɗi ne kam, amma abin yana faruwa. Ranar 1 ga Janairu 1995 na'ura ta auna ɗaya a dandamalin Draupner, wani gini na aikin gas da ke cikin tekun Arewa kusa da Norway, mita 25.6, alhali sauran igiyoyin wajen mita 12 suke. Yadda take tashi shi ne igiyoyi daga ɓangarori daban su haɗu wuri guda lokaci guda sai tsawonsu ya taru, ko iska ta tura igiyoyi su yi karo da ruwan teku mai gudu, kamar gaɓar Afirka ta Kudu, nan da nan ta miƙe ta kuma ɓace.

Mu 'yan Maradi da Gulbi kaɗai muka sani, da yawa na ce mata tsunami, ba ita ba ce, waccan galibi girgizar ƙasa ke kawo ta. Kuma ba a iya faɗin minti da za ta zo. Ka ce ma ƙanenka ya bi sanarwar meteyo da umarnin kyaftin, in teku ya ɓaci ya sa rigar ceto, kar ya fito saman jirgi ɗaukar hoto.