Tambaya da Amsa: Soson kwale-kwalena ya ɓanɓare

Tambaya: Malam, ina da ƙaramin kwale-kwalen faiba, irin wanda ake kira kayak, da nake shiga tafkin Jabi da shi. Soson mazauni da na gwiwa sun ɗaye, tsohon gam ya bushe ƙamas. Yaya zan yi? Daga wani mai karatu a Abuja.

Amsa: Malam, kada ka shafa sabon gam a kan tsoho, ba zai kama ba. Ɗumama wurin da na'urar busar da gashi har gam ɗin ya yi laushi, sannan ka kankare da roba mai kauri. Wuƙa tana yankar faiba. Ragowar kuma, jiƙa tsumma da asiton, sinadarin da ake goge jan farce da shi, ka goge da sauri; idan ya kwanta a wurin, yana dusashe fuskar faibar. Wasu kananzir suke sawa, yana narkar da gam, amma maiƙonsa na hana sabo kamawa sai an wanke da sabulu. A fili za ka yi aikin, nesa da wuta.

Goge da sanfefa lamba 80, share ƙurar. Nemi soso mai tauri wanda ba ya shan ruwa, ban da soson katifa, wannan ruɓewa yake yi. Zauna ciki ka gwada, ka zana wurin da fensir, domin gam ɗin da za ka sa, irin na masu takalma, da zarar ya haɗu ba ya matsawa. Shafa siriri a jikin jirgin, sau biyu a soson, jira minti 10 zuwa 15 har ya daina bin yatsa, sannan ka danna daga tsakiya zuwa gefe. Bar shi a inuwa awa 24 kafin ya taɓa ruwa.