Allon talabijin ba hoto ba ne a tsaye

Ka tambaye ni me ya sa duk hoton da ka ɗauka daga allon talabijin yake fitowa da baƙin layi a gicciye, wani lokaci kuma da zane-zane kamar igiyar ruwa. Zauna, yaro. Tambayar nan ta fama min wani tsohon miki.

Shekarar da na fara riƙe kyamarar dijital, wani mutum ya zo min da fara'a, ya ce za a nuna mahaifinsa a wani shirin dare, sau ɗaya tak, yana son babban hoto na ratayewa a bango. Saboda kunya ban karɓi ko kafin alƙalami ba. Talabijin ɗinsu irin mai ƙusumbin nan ce. Tsohon yana magana yana wurga hannu, sai na sa shota, wato ƙofar da ke buɗe wa haske ya shiga kyamara, a 1/125 na daƙiƙa don kada hannun ya yi dishi-dishi. Ga sabo da fim, ido na manne a kyamara, ban duba bayanta ba sai da aka cire shi daga allo. Sama da hoto 40, kowanne wani yanki na fuskar a haske, sauran a duhu. Kwana biyu ban runtsa ba ina haɗa guda uku a kwamfuta har fuska ta cika. Na wanke babba, na sa a firam da kuɗin aljihuna. Ya ɗauka ya ce bari ya nuna wa 'yan'uwa. Har yau ban ga ƙeyarsa ba. Ya bi gari yana cewa na ɓata wa ubansa fuska, alhali wanda ya shiga falonsa ya faɗa min hoton na nan a rataye. Kuskuren shota nawa ne, ban musa ba, amma cutar tasa ce, kuma ban yafe ba.

Abin da ya faru shi ne, irin wannan talabijin layi-layi take zana hoto daga sama zuwa ƙasa. A tsarin watsa hoton talabijin na PAL layi 625 ne, ana share allon sau 50 a daƙiƙa, shara biyu ke ba da cikakken hoto ɗaya. A tsohon tsarin Amurka, NTSC, layi 525 ne, sau 60. Idonka ne ke haɗa su. Shotar da ta rufe kafin a gama zanen, abin da ta tarar kawai take kwashewa. Don haka kada shotarka ta fi 1/25 sauri, ko 1/30 a NTSC. Ni 1/15 nake sawa, kyamara a girke a kan sandarta mai ƙafa uku.

Kada ka ce ai yanzu talabijin ta bango ake yayi. Da yawa cikin masu LED ɗin nan fitilar bayansu ƙyaftawa take yi da sauri, musamman in an rage haske, kyamararka kuma layi-layi take karantawa. Sassauta shota, layukan za su ɓace.

Zane-zanen kuwa, ɗigogin allo ne ke karo da ɗigogin kyamara. Ja baya ka jawo da zum, ka ɗan matsa gaba ko baya har su lafa. In sun ƙi, kauce wa fokas kaɗan, kaɗan fa na ce.

Maganar kashe filasha da fitilar ɗaki ba zan ɓata bakina a kai ba. Abin da ke ba ni haushi da ku yaran yanzu shi ne oto, wato barin kyamara ta saita kanta. Kyamara ta ga duhun ɗaki, ta buɗe ido, ta ƙone fuskar mutum fari fat, ku kuma ku ce za a gyara a kwamfuta. Cika firam da allon kafin ka auna haske. Launin ma da hannu za ka saita, don yawancin talabijin shuɗi-shuɗi suke fitowa.

In shirin kai tsaye ne, je da wuri ka gwada a kan tallace-tallace, ka buɗa hoton ka duba. Kuma wallahi kada ka fita da kyamarata sai an ba da rabin kuɗi.