Wai ya ake tsara garin da ba a san gobensa ba?

Tambaya: Salam Malam. Ni ɗalibi ne, kullum ana ce mana a tsara birane su jure canjin yanayi, to amma wani birnin cika yake yi wani kuma watsewa yake, ya za a yi tsari ɗaya ya ishe su duka?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ai tsari ɗaya ba zai ishe su ba, sai dai ciwon nasu kusan guda ne, a yi ta gini kamar mutanen yau da ruwan saman yau haka za su dawwama. Duba Detroit a Amurka, a 1950 mutum kusan miliyan 1.8 ne a ciki, zuwa 2020 ba su fi 640,000 ba, mutane sun kwashe kayansu sun tafi amma tituna da bututun ruwa da fitilun kan hanya ai ba su bi su ba, suna nan sai an kula da su ga masu biyan haraji sun ragu, har a 2013 birnin ya kasa biyan bashinsa. Layi guda ka ga gida ɗaya tal da mutane, sauran duk kango da ciyawa, kuma dole a kai masa ruwa.

Jakarta ta ƙasar Indonesiya kuwa cikowa ce ta yi mata yawa. Ruwan famfo bai kai ga kowa ba, sai kowa ya haƙa burtsatse, ƙasa ta dinga lotsawa musamman arewacin birnin, ga teku na ƙara tasowa. A 2019 gwamnatin Indonesiya ta ce za ta mai da babban birnin ƙasar tsibirin Borneo, to miliyoyin da ke zaune a Jakarta fa, su wa zai ɗauke su?

Ni dai a ganina fili shi ne maganar. A ware hanyar ruwa da ta titi tun kafin a gine wurin, don rusau daga baya tsada ne da shi ga hawayen jama'a. A birnin Rotterdam na ƙasar Holland akwai dandalin da ran da ba ruwa yara ke buga ƙwallo a ciki, in an tafka ruwa sai ya koma tafki ya riƙe shi har magudanu su samu sauƙi. Ƙasar Sin ma ta fara shirin birane masu tsotse ruwa kamar soso a 2015, amma fa kar a ɗauka an gama, birnin Zhengzhou ma ya bi wannan tsari amma a 2021 ambaliya ta shiga har cikin jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa ta ci rayuka.